Faɗan Giwaye a Kan Faifan Bidiyo: Ina Matsayin Mai Saye?

Gabatarwa

Na san wani zai ce, me ya haɗa mujallar ɗaliban Hausa da maganar faifan bidiyo, alhali ga nahawu, ga adabi, ga al'ada, duk suna jiran a tattauna su? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni a sannu, domin kafin mu kai ƙarshe zai ga cewa maganar ta shafe mu fiye da yadda yake zato.

Abin da nake son yin tsokaci a kai shi ne wani yaƙin kasuwa da aka gwabza daga shekarar 2006 zuwa 2008 tsakanin faya-fayan kallo iri biyu, wato HD DVD da Blu-ray, da irin zaɓin da masu saye suka yi a lokacin. Ra'ayina shi ne, a irin wannan yaƙi mai saye ba shi ne alƙali ba, ko da kuwa an yi ta gaya masa haka a talla. Saboda haka bai kamata ya zuba kuɗinsa don kyan na'ura kawai ba. Tambayar da ta kamace shi ita ce: me zan kalla a cikinta, kuma da wane harshe? Ga mu ɗaliban harshe kuwa akwai tambaya ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi: duk lokacin da aka sauya na'ura, ina ayyukan Hausa da ke cikin tsohuwar suke komawa?

Na'urar Kawu

A ƙarshen shekarar 2007 ina zaune a gidan wani kawuna a Kubwa, nan Abuja. Kawu mutum ne mai son sabon abu. Duk abin da ya fito, so yake a fara ganin sa a falonsa. Wani abokinsa zai je Amurka, sai ya ba shi saƙon na'urar kallo ta zamani, wadda aka ce masa hotonta kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutum. Abokin ya dawo da na'urar HD DVD, yana ta murna wai ya same ta da araha domin an karya farashinta. A cikin kwalin akwai fina-finan Turanci guda biyu.

Tun daga ranar farko aka fara karo da matsala. An ƙera na'urar ne don wutar Amurka, wadda ƙarfinta kusan rabin tamu ne, sai da aka nemo na'urar rage ƙarfin wuta. Da aka jona ta da tsohuwar talabijin ɗinmu mai ƙeya, sai muka ga hoton bai bambanta da wanda muka saba gani ba, domin ita talabijin ɗin ba ta iya nuna wannan tsabar hoton. Matar kawu ta ɗauko faifan wani fim ɗin Hausa da take so ta saka, na'ura ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ƙi karɓa. Ta dubi kawu ta ce, "Alhaji, to wannan abin naka ba ya jin Hausa ke nan?" Muka yi dariya. Sai da na girma na gane cewa ta yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci.

Ranar Asabar kawu ya ɗauke ni muka nufi kasuwar Wuse neman faifai. Mun shiga shago ya fi biyar. A na ƙarshe wani Bakano ne mai sayar da faya-fayai, ya karɓi kwalin faifan da muka zo da shi don misali, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan kuma wane iri ne? Mu nan abin da jama'a ke tambaya shi muke kawowa." Sai ya miƙo wa kawu wani faifai mai ɗauke da fina-finai ashirin a cunkushe a cikinsa, ya ce, "Ga wanda ake yayi, Alhaji." Muka zagaya shagunan Banex, nan ma labarin bai sauya ba. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki aka ji a labarai cewa an daina ƙera irin na'urar gaba ɗaya. Har kawu ya bar gidan, fina-finai biyun nan su kaɗai na'urar ta taɓa nunawa. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce araha ba ta ado.

Yadda Yaƙin Ya Kasance

Domin mai karatu ya fahimci abin da ya faru da kawu, sai mun leƙa inda giwayen suka yi faɗan. Hoton talabijin layuka ne a jere. Yawansu shi ne tsabar hoton. Faifan CD na bidiyo, wato VCD, wanda muka fi sabawa da shi, layi 288 yake nunawa a tsarin talabijin na ƙasarmu. DVD yana nuna 576. Sababbin talabijin masu faɗi kuwa suna iya nuna 1,080. Irin wannan hoto yana cin wuri, shi kuwa faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya gigabayit 4.7 kawai yake ɗauka. Dole ke nan a samo sabon faifai.

Dabarar da aka samo ita ce sauya hasken leza da ke karanta faifan. Na DVD ja ne, sabon kuwa shuɗi ne mai ratsin shunayya, kuma ya fi siranta, don haka yana iya karanta rubutun da aka matse sosai. Duka ɓangarorin biyu da wannan haske suka yi aiki, amma suka kasa daidaitawa a kan tsarin faifai ɗaya. Kamfanin Toshiba da NEC suka fito da HD DVD, mai ɗaukar gigabayit 15 a kowace shimfiɗa, Microsoft da Intel suka mara musu baya. Sony da Panasonic da Philips da Samsung da wasu suka tsaya a kan Blu-ray, mai ɗaukar gigabayit 25. Hujjar mutanen HD DVD ita ce faifansu ya fi sauƙin bugawa, domin masana'antar DVD ɗan gyara kaɗan take bukata ta fara buga shi. Hujjar mutanen Blu-ray kuwa ita ce nasu ya fi ɗaukar kaya. Faifan wannan ba ya aiki a na'urar wancan.

HD DVD ne ya riga shiga kasuwa, a ƙarshen watan Maris na 2006 a Japan, sannan a watan Afrilu a Amurka, inda aka sayar da ƙaramar na'urar a kan dala 499. Blu-ray ya biyo baya a watan Yuni da na'urar Samsung ta dala 999. A canjin wancan lokaci kuɗin nan ya kai wajen naira 128,000, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gwamnatin tarayya naira 7,500 ne. Wato sai ƙaramin ma'aikaci a Abuja ya tara albashin wata goma sha bakwai bai ci bai sha ba kafin ya mallaki na'urar, ban da talabijin ɗin da za ta dace da ita.

To, me ya raba gardama? Ba tsabar hoto ba ce, domin idon yawancin mutane ba ya iya bambance hotunan biyu. Abu na farko shi ne na'urar wasa ta PlayStation 3 da Sony ya fitar a watan Nuwamba na 2006, wadda kowace ɗaya tana kunna Blu-ray. Yara da samari suka yi ta saye don wasa, ba su san cewa ƙuri'a suke jefawa a wani yaƙi ba. Kafin farkon 2008 an sayar da fiye da miliyan goma, alhali na'urorin HD DVD da aka sayar a duniya kimanin miliyan ɗaya ne. Abu na biyu shi ne kamfanonin shirya fina-finai na Amurka, waɗanda suka rabu gida biyu. Universal yana tare da HD DVD, a watan Agusta na 2007 Paramount ma ya koma can ɗungurungum. Disney da Fox da kamfanin fim na Sony suna tare da Blu-ray. Warner yana buga iri biyun, har ranar 4 ga Janairu, 2008, da ya sanar da cewa zai tsaya a kan Blu-ray kaɗai. Daga nan sai manyan dillalai suka bi sahu: Netflix da Best Buy a ranar 11 ga Fabrairu, Walmart a ranar 15. Ranar 19 ga Fabrairu, 2008, Toshiba ya sanar da cewa ya ajiye makamai.

Mai karatu ya lura da kyau. A duk wannan jerin, ina mai saye? An yanke hukunci ne a ɗakunan taron kamfanoni, shi kuwa a rediyo ya ji. A Amurka wasu shaguna sun ɗan share wa masu saye hawaye. Best Buy ya raba wa waɗanda suka sayi na'urar a wurinsa takardar sayayya ta dala 50, Warner kuma daga baya ya ba da damar musanya faifansa na HD DVD da na Blu-ray a kan ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya sayi tasa ya kawo Kubwa fa? Idan giwaye biyu suna faɗa ciyawa ke shan wahala, ciyawar da ke nesa kuwa ko jaje ba a yi mata.

Ba Yau Farau Ba

Abin mamaki shi ne an taɓa yin irin wannan. Sony ya fito da kaset ɗin Betamax a 1975, JVC ya fito da VHS a 1976. Mutane da yawa sun ce hoton Betamax ya ɗan fi kyau, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ɗauka, na VHS kuwa awa biyu, wato fim guda cur. Bugu da ƙari JVC ya buɗe ƙofa ga kamfanoni da yawa su ƙera na'urarsa, sai ta yawaita ta yi araha, shagunan hayar kaset kuma suka cika da ita. A 1988 Sony da kansa ya fara ƙera na'urar VHS. Darasin a bayyane yake: abin da ke cikin kaset da sauƙin samun sa su ne suka ci yaƙi.

Shi ma Blu-ray da ya yi nasara bai daɗe yana cin ganima ba. Tun a watan Janairu na 2007, ana tsakiyar faɗan, Netflix ya fara tura fina-finai ta intanet. Giwaye suna kokawa a kan faifai, ashe kasuwar tana shirin barin faifai baki ɗaya. A 2023 Netflix ya rufe sashensa na aika faifai ta gidan waya, a farkon 2024 kuma Best Buy ya daina sayar da faifan fim a shagunansa.

Namu Yaƙin a Gida

Yanzu bari mu dawo gida, domin mu ma mun yi namu zaɓin, kuma ina ganin akwai hikima a cikinsa. Fim ɗin Hausa na bidiyo a kan kaset ɗin VHS aka haife shi. Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kafin Living in Bondage na Kudu da ya fito a 1992. Sangaya da Wasila, waɗanda suka girgiza kasuwa a wajejen 1999 da 2000, a kaset jama'a suka fara kallon su. Cibiyar cinikin ita ce kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Tsarin kuwa shi ne furodusa ya buga kwalayen fim ɗinsa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su jera na'urorin bidiyo su yi ta kwafar kaset suna sakawa a kwali. Daga nan kaya su bazu zuwa Kaduna da Sakkwato da Maraɗi da Yamai da Akara, har da kasuwannin Wuse da Nyanya da Gwagwalada a nan Abuja.

A farkon shekarun 2000 faifan CD ya fara shigowa, kafin a daɗe ya ture kaset. Wannan abin dubawa ne. Tun 1996 DVD ya fito a Japan, kuma ya fi VCD ta kowace fuska. A Turai da Amurka ma VCD bai taɓa yin kasuwa ba. Daga kaset suka tsallaka zuwa DVD. Amma mu, kamar mutanen Sin da na kudu maso gabashin Asiya, VCD muka runguma, duk da cewa hotonsa bai fi na kaset da wani abin a zo a gani ba, kuma minti saba'in da 'yan kai yake ɗauka, shi ya sa dogon fim sai an raba shi faifai biyu. Me ya sa? Domin na'urarsa 'yar Sin tana da araha, faifan ya fi kaset sauƙin kwafa da sauƙin ɗauka, ba ya tsinkewa ya naɗe a cikin na'ura, kuma babu kullen yanki a kansa kamar yadda aka raba duniya shiyya-shiyya a faifan DVD. Uwa uba, a kansa 'yan kasuwar Kano da na Alaba a Legas suka zuba fina-finan da muke so. Sai da na'urar DVD mai cin kowane irin faifai ta yi araha, sannan muka koma DVD a ƙarshen shekarun 2000.

A daidai lokacin da ake yaƙin HD DVD da Blu-ray, abin da ya dami masu fim a Kano daban ne: dakatarwar wata shida da aka yi wa sana'arsu daga ƙarshen 2007, da 'yan satar fasaha da ke cusa fina-finai da yawa a faifai ɗaya su sayar da shi a kuɗin fim guda. Kasuwar fim ɗin Hausa ba ta taɓa komawa kan HD DVD ko Blu-ray ba. Daga DVD sai ta faɗa cikin waya: 'yan tura fina-finai a memori suka cika bakin tituna da tashoshin mota, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So suka mamaye YouTube daga 2020. Wato talakan da ya ƙi motsawa daga na'urarsa mai araha a 2007 bai yi asarar komai ba. Kawu da ya yi sauri shi ne ya yi asara.

Akwai wani misalin da mutanen Abuja ba za su manta ba. A 2007 kamfanin talabijin na HiTV ya sami izinin nuna gasar Firimiya ta Ingila a Nijeriya. Nan da nan masu gidajen kallon ƙwallo da magidanta suka yi ta sayen dikodarsa, wasu suka haɗa biyu a gida ɗaya. Ba wanda ya tsaya tambayar wace dikoda ce ta fi kyan hoto. Inda ƙwallo ta koma nan jama'a suka koma. Da izinin ya kuɓuce masa a 2010, kamfanin bai wuce 2011 ba. Wannan ya ƙara tabbatar da maganata: jama'a abin kallo suke bi, na'ura kuwa jaki ce kawai mai ɗauko kaya.

Hujjar Masu Gaggawa

Adalci ne in kawo hujjar waɗanda ba su yarda da ni ba. Suna cewa, in kowa ya ce zai jira, wa zai fara saye? Da masu fara saye ne farashi ke sauka har ya iso ga talaka. Suna kuma cewa gasar da aka yi ta amfani jama'a, domin ita ce ta sa na'urar da aka fara sayarwa dala 499 ta sauko har ƙasa da dala 100 a wasu shagunan Amurka a watan Nuwamba na 2007.

Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ina da amsa biyu. Ta farko, wanda ya kamata ya yi wannan kasada shi ne wanda asarar ba za ta taɓa tukunyar gidansa ba, kuma yake zaune a inda ake sayar da faifan, inda in abu ya lalace akwai wanda zai kai wa kuka. Mu da muke ƙarshen layin kasuwa, babu wakilin kamfani, babu mai gyara, babu faifai, kasadar tamu ninki biyu ce. Ta biyu, karyewar farashi a tsakiyar yaƙi ba kullum alheri ba ce. Sau da yawa alama ce ta wanda ya ga faɗuwa tafe yana neman ya tara magoya baya ko ta halin ƙaƙa. Abokin kawu ya ga araha ya yi murna, ashe kallon kitse ya yi wa rogo. Sayen nagari mai da kuɗi gida, amma nagari a nan shi ne abin da zai yi maka aiki a inda kake.

Asarar da Ba a Lissafa Ba

Yanzu na zo kan abin da ya sa na kawo wannan magana a mujallarmu. Asarar kawu ta kuɗi ce, kuma ya daɗe da mantawa. Akwai wata asarar da har yanzu muke tafkawa ba mu sani ba.

Kwanakin baya ina wani aikin aji a kan yadda Hausar samarin birni ta sauya, sai na ga babu inda zan ji yadda ake magana a shekarun 1990 kamar a fina-finan lokacin. Na sha wahala kafin in sami kaset uku a wani tsohon akwati a gidan 'yan'uwa. Samun kaset ashe shi ne mai sauƙi. Na zagaya wurin masu gyaran rediyo da talabijin a Gwagwalada da Kubwa ina neman na'urar da za ta kunna su. Wani dattijo mai gyara ya dube ni ya ce, "Ɗana, rabona da ganin mai aiki an yi shekaru. Ko ka samu ma, ina za ka sami kayan gyaranta?" Gaskiyarsa ne, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS a duniya, wato Funai na Japan, ya daina tun 2016. Da ƙyar na sami wata a hannun wani mai ɗaukar hoton biki. Kaset ɗaya ya yi fumfuna ya manne, na biyu hoto ya dusashe amma ana jin magana, na uku ne kawai ya yi.

Mai karatu ya yi tunani. Fim ba nishaɗi ne kaɗai ba a wurin ɗalibin harshe. A cikinsa akwai karin harshe, da sara, da karin magana, da zambo, da habaici, da gaisuwa, da yadda mace ke kiran mijinta da yadda ɗa ke amsa wa mahaifinsa a wani zamani. Rubutu yana adana kalma, amma ba ya adana karin sauti da tsawon wasali yadda murya ke yi, mu kuwa mun san a Hausa su ne ke raba ma'ana da ma'ana. Fina-finan da aka yi a zamanin kaset suna da ɗimbin yawa. Nawa ne daga cikinsu aka mayar kan faifai? Daga waɗanda aka mayar, nawa ne suka isa kwamfuta? A kowane sauyi, waɗanda ɗan kasuwa ya ga za su sayu ne suke tsallakawa, sauran kuwa a bar su ga zafi da ƙura da gara. Kaset yana lalacewa, faifai mai araha yana karcewa ya ɓare. Manyan kamfanonin Amurka suna da ma'ajiyar da suke ajiye asalin fina-finansu, duk na'urar da ta fito sai su sake bugawa su sake cin kuɗi. Furodusan Hausa da yawa kuwa kaset ɗaya ne uwar fim ɗinsu, in ya lalace shi ke nan.

Muna da misali mai tsoratarwa kuma mai ƙarfafa zuciya. Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓata. Daga baya aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi da taimakon cibiyar Arsenal ta Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Idan fim ɗin da ke da wannan daraja ya kusa salwanta, me ake zato game da ƙaramin fim ɗin da wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta yi a 1996? Malamanmu ba su yi barci ba. Tun 2003 aka yi babban taro a Kano a kan fina-finan Hausa na bidiyo, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma sun daɗe suna rubutu da tattara bayanai a wannan fage. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko jami'a ɗaya.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa intanet ta raba mu da matsalar. Manhajojin kallo na yau su ma giwaye ne masu faɗa, kowace tana riƙe da fina-finan da ba a samu a ɗaya. Fim ɗin da ke kan shafin wani yana iya ɓacewa ranar da aka rufe shafin ko kamfanin ya durƙushe. Mai faifai ko ba komai yana da abin riƙewa a hannu. Mai kallo ta waya haya kawai yake yi.

Kammalawa

Daga ƙarshe ina da shawarwari ga 'yan'uwana. A matsayinmu na masu saye, duk lokacin da aka ce ga sababbin na'urori biyu suna takara, mu yi wa kanmu tambayoyi kafin mu sa hannu a aljihu. Abin da nake son kallo ko saurare yana cikinta? Ana samun kayanta da mai gyaranta a garinmu? Za ta karɓi abin da na riga na mallaka? Idan aka daina yin ta gobe, me zai rage a hannuna? In amsoshin ba su gamsar ba, to a jira ƙura ta lafa. Sauri ya haifi nawa.

A matsayinmu na ɗaliban Hausa kuwa, jira ba namu ba ne, domin kaset ba ya jiran kowa. Ina kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da shugabannin sashe da mu buɗe 'yar ma'ajiya, ko da kabad ɗaya ne da kwamfuta ɗaya. Kowane ɗalibi in ya je hutu ya bincika akwatunan gida, ya nemi izinin iyaye ya kawo kaset ko faifan da ya samu, na fim ne, ko na wasan kwaikwayon talabijin, ko na waƙa, ko na tashe. A nemi na'urar bidiyo mai aiki tun ana samu, a mayar da su kwamfuta, a rubuta sunan fim da shekara da kamfani da garin da aka yi shi, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. A yi haka don nazari, tare da neman yardar masu haƙƙin mallaka, kada mu gudu daga asara mu faɗa satar fasaha. Hedkwatar Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa a nan Abuja take, ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa kuma tana Jos. Ba abin kunya ba ne mu ƙwanƙwasa ƙofarsu mu nemi haɗin kai.

Matar kawu ta tambaya ko na'urar tana jin Hausa. Na'urori za su ci gaba da zuwa suna wucewa, zamani riga ne. Ko ta gobe za ta ji Hausar jiya, wannan ya danganta da abin da muka kwashe muka tsallakar yau. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.